Mutum Biyar Ƙasa da Babu

A shekarar da zan ba ku labarinta ina da rabin jirgin ruwa, ina da sito ɗaya a bayan kasuwar Yelwa, ina kuma da yaya ɗaya namiji wanda muka fito ciki ɗaya da shi. Jirgi da sito kuɗi ke sayensu, ba su taɓa hana ni cin tuwo ba. Yaya Garba ne ba a samu a kasuwa, kuma shi ne na rasa. Kun taso kuna jin ana cewa ubanku ya yar da ɗan'uwansa saboda lissafin yarinya 'yar boko. Wasunku a bakin 'yan uwanku na ƙauye suka ji, wasu a gidan biki, ana faɗa ana rage murya in kun shigo. Ban taɓa tanka wa kowa ba, domin Yaya yana raye, kuma abin da na faɗa a gaban jama'a sau ɗaya ya isa. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa, ni ma gemuna ya gama fari. Gara ku ji yadda aka yi daga bakina.

Kakanku ne ya sa aka ƙera jirgin a ƙarshen rayuwarsa. Jirgin katako ne babba mai inji a baya, aikin Malam Audu, wanda a lokacin duk bakin ruwan nan babu wanda ya kai shi iya haɗa jirgi. Ranar da aka tura shi ruwa Malam Audu ya faɗi ƙa'idarsa a gabanmu: buhu sittin, mutum arba'in, kada a ƙara ko ɗan akuya. Ya kuma ce in an gama lodi a sa hannu a auna, a tabbata akwai taƙi ɗaya tsakanin bakin jirgi da ruwa. Da kakanku ya rasu aka fitar wa gwaggonninku haƙƙinsu a gona, jirgi ya zama namu ni da Yaya. Muka raba aiki yadda Allah ya raba mana hali. Shi ya zauna ƙauyenmu a ƙasar Ngaski yana tuƙi, domin tun muna yara shi ɗan ruwa ne, ni kuwa ko a kwalekwale na zauna sai cikina ya juya. Na dawo Yelwa na shiga albasa. Idan tafkin da ke tsakanin ƙauyenmu da Yelwa ya ja baya, manoma su dasa a dausayin da ya bari, in ta nuna in bi su in saye, Yaya ya ɗauko mini ranar kasuwa tare da fasinjojinsa: mata masu kifin banda, mutanen gungu mazauna tsibiran tafkin, Kambari da matansu da goyonsu. Buhu sittin, mutum arba'in. Har waƙa yaran kwata suka mai da shi, kwata kuwa ita ce inda jirage ke tsayawa a yi lodi a sauke.

Sai ku fahimci yadda ake cinikin albasa, in ba haka ba sauran labarin ba zai shige ku ba. Albasa ba a sayar da ita da kilo. Da buhu ake saye, da buhu ake biyan jirgi, da buhu ake biyan mota. Saboda haka kowa yana son buhunsa ya fi na maƙwabcinsa ciki. A zamanin kakanku buhun algarara ake cikawa a ɗinke bakinsa. Daga baya aka kawo manyan buhuna, sannan wani mai wayo ya fara cika buhu har ya yi tozo, ya yanko guntun wani buhun ya ɗinka a sama ya rufe tozon. Shi muke kira hula. Masu saye daga kudu suka daina kallon buhun da ba shi da hula. Bana hular ta yi tsawon tafin hannu, baɗi ta kusa kamu ɗaya. Ba ni na ƙirƙiro ta ba, ban kuma ƙi ta ba, haka kasuwa ta koma, wanda ya ƙi ya kwana da kayansa. Duk wannan lokaci ba wanda ya taɓa ɗora buhun albasa a sikeli. Mene ne amfanin? Buhu buhu ne.

Yayarku Rabi tana aji huɗu na sakandare a shekarar. Wata rana bayan la'asar ina zaune a tsakar gida ina shan fura, Innarku tana tsinke zogale, sai ta zo ta durƙusa da takardarta. Ta ce malaminsu na lissafi ya koya musu abin da ake kira fomula, wato a ɗauki yadda wani abu ke tafiya a rubuta shi da haruffa a maimakon lambobi, yadda duk lambar da aka kawo za a zuba ta ciki a sami amsa. Ya ce kowa ya je ya gina tasa daga sana'ar gidansu.

"Baba, ni ta jirginku zan yi. Nawa yake ɗauka?"

"Wannan ko jaririn kwata ya sani. Buhu sittin, mutum arba'in."

"Buhu ɗaya kilo nawa ne?"

"Ke, albasa ce, ba zinari ba. Wa ya taɓa auna ta?"

"To ai sai da nauyi za a haɗa su, Baba. Ba a tara buhu da mutum sai an mai da su abu ɗaya."

Na yi dariya na ce ta rubuta duk abin da ta ga dama, malamin ba zai zo kwata ya duba ba. Innarku ce, ba ta ko ɗago kai daga zogalenta ba, ta ce:

"Wane buhun za ta rubuta, Alhaji? Na da ko na yanzu? Na da, ina amarya, ni kaɗai nake jan shi daga zaure zuwa ɗaki. Na yanzu ƙarti biyu ke ɗagawa suna nishi kamar masu naƙuda."

"To mi ya shafi jirgi?"

"Ni ban sani ba. Na dai ga buhu ya yi ƙiba, waƙar taku ba ta canza ba."

Rabi ta dube ni, na dube ta. Ta ce jirgi dai bai ƙara girma ba tun da aka ƙera shi, saboda haka da tsohon buhu za a gano ainihin abin da yake ɗauka, sannan a zuba buhun yanzu a gani. Gaskiya ban tashi don na yarda ba. Na tashi ne don in rufe bakin uwa da 'ya a lokaci ɗaya.

Washegari da safe Innarku ta zaro wani tsohon buhun algarara da take shimfiɗa wa tulu, muka tafi sito ni da Rabi. Na cika shi da hannuna, na ɗinke bakinsa yadda kakanku ya koya mini. Maƙwabcina mai sayen shinkafa yana da sikelin ƙasa, na roƙe shi aro. Buhun algarara ya ba da kilo tamanin. Muka ɗora na yanzu mai hula. Na sunkuya na duba, na ce wa mai sikelin abinsa ya lalace. Ya sauke, ya gyara, ya sake ɗorawa. Kilo ɗari da ashirin da biyar. Na sa aka kawo wani buhun, da wani. Duk a nan suke yawo. Mutum kuwa muka yi masa kilo sittin, babba da yaro a haɗe, har da ɗan ƙullin da ke hannunsa, kuma duk wanda ya san matan kifi ya san mun yi musu rangwame.

Rabi ta ɗauki gawayi ta rubuta a jikin ƙofar sito, ina tsaye a bayanta. Ta ce N shi ne dukan nauyin da jirgi ke ɗauka, b yawan buhuna, k kilon buhu ɗaya, m yawan mutane, j nauyin jikin mutum ɗaya. Ta rubuta N = bk + mj. Ta ce ma'anarsa buhuna sau nauyinsu, a tara da mutane sau nauyinsu. Ta zuba lambobin zamanin kakanku: sittin sau tamanin, dubu huɗu da ɗari takwas, arba'in sau sittin, dubu biyu da ɗari huɗu. Jimla kilo dubu bakwai da ɗari biyu. Ta ce wannan ne ƙarfin jirgin a bakin wanda ya ƙera shi. Sannan ta ce yanzu mutane take nema, saboda haka za ta juya fomular m ya tsaya shi kaɗai. Na tambaye ta wa ya ba ta izinin ɗauke harafi daga nan ta kai can. Ta ce kamar ma'auni ne mai kwano biyu, duk abin da ka cire a wannan kwano ka cire irinsa a wancan, ba zai karkata ba. Wannan na gane shi, sana'ata ce. Ta cire bk a kowane gefe, ta raba kowane gefe da j, ya zama m = (N − bk) ÷ j. Ta zuba buhun yanzu. Sittin sau ɗari da ashirin da biyar, dubu bakwai da ɗari biyar. Sai hannunta ya tsaya.

"Na yi kuskure, Baba. Bari in sake."

Ta goge da gefen hijabinta ta sake. Ta sake kuma. Sai ta juyo, fuskarta ta canza.

"Ba kuskure ba ne. Amsar ta fito ƙasa da sifili. Biyar ƙasa da sifili."

"Yi mini Hausa."

"Wai in aka gama loda buhunan nan, kafin mutum ɗaya ya sa ƙafa, jirgin ya riga ya wuce ƙarfinsa. Sai an sauke mutum biyar daga jirgin da ba kowa a cikinsa kafin ya dawo daidai."

Ni ba na karɓar lissafin kowa sai na yi nawa, ko na ɗan cikina ne. Na juya mata baya na yi irin namu na kasuwa, a ka. Kowane buhu ya ƙaru da kilo arba'in da biyar. Buhu sittin, ƙarin ya zama dubu biyu da ɗari bakwai. In ka raba wa mutane, mutum arba'in da biyar ke nan. Mutum arba'in da biyar suna ɓoye a cikin ƙibar buhunana, ba su biya kuɗin jirgi ba, ba wanda ya ƙirga su, sun cinye wurin arba'in har sun ci bashin biyar. A kansu kuma Yaya yake ɗora mutum arba'in na gaske, masu rai, masu goyo. Na zauna a kan buhun algarara ina cewa innalillahi, mai sikeli yana tambayata ko wani ne ya rasu.

Abu ɗaya ya rage mini na riƙewa, shi ne taƙin Malam Audu. Duk ranar kasuwa ina kwata, ina ganin jirgin yana shigowa, kuma da idona nake ganin taƙi ɗaya tsakanin bakinsa da ruwa. In lissafin nan gaskiya ne, ina taƙin ya fito? Ranar kasuwar da ta biyo na ɗauko Malam Audu a babur. Ya tsufa, ya daina aiki, amma idonsa garau. Muka jira aka sauke kaya, Yaya ya shiga gari sayen mai, jirgi ya taso sama fayau. Tsohon ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya bi jikin jirgin da tafin hannu kamar mai duba doki. Da ya kai katakon sama sai ya tsaya.

"Wanga ba aikina ba ne."

"Wane, Malam?"

"Wanga na sama. Ga bakin jirgina nan, a ƙasa. Wani ya ɗora mai katako ya shafe da fenti iri ɗaya. Zo ka gani."

Na shiga da rigata. Ya kama yatsana ya ɗora a kan layin da ruwa ke bari a jikin katako, inda gansakuka ta tsaya. Layin bai fi yatsa biyu ba daga ainihin bakin jirgin. Taƙin da nake gani duk shekarun nan na sabon katakon ne, siriri, an kafe shi da gajerun ƙusoshi, ba a haɗa shi da haƙarƙarin jirgi ba, an cusa tsumma a tsakani. Na tuna wata shekara da Yaya ya ce za a yi gyara na ba da rabona ban tambayi ko gyaran mene ne ba.

"Wanga fantsama kaɗai yake tarewa," in ji Malam Audu. "In iskar farkon damina ta same ku a tsakiya, igiyar ruwa ɗaya za ta ɓalle shi. Daga nan sai salati."

Na kai Yaya sito da azahar, na sa aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi, na bari sai da ya ƙoshi. Sannan na nuna masa ƙofar, rubutun gawayin yana nan, na faɗa masa duk abin da muka gani. Ya saurara yana sakace. Da na gama ya yi dariya har da buga cinya.

"Ummaru, ashe tsufa ya fara kama ka kafin ni. Ɗiyarka ta taɓa riƙe inji? Ruwa ba ya karatun boko. Shekara nawa ina tahiya da wanga kaya, ko takalmin wani ya taɓa jiƙewa?"

"Katakon fa, Yaya?"

"Katako magani ne. Na ga jirgi na zama ƙasa na ƙara mai baki. Je ka duba jiragen kwata, ka nuna mini wanda ba a ƙara ma ba."

"Malam Audu ya ce ba ya ɗaukar kaya."

"Malam Audu ba shi ke sayen mai ba. Ka san nawa galan yanzu? In rage kaya in ciyar da gidana da mi? Ajali ba ya cikin buhu, Ummaru."

Maganarsa ta mai gaskiya ce, na sani. Saboda haka na koma wurin Rabi na ce ta juya mini abin nata ta wata fuskar: in mutum arba'in za su hau, buhu nawa? Ta bar b shi kaɗai wannan karon, b = (N − mj) ÷ k, ta zuba, ya fito talatin da takwas da ɗan guntu. Na je wa Yaya da ciniki wanda ban taɓa yi wa kowa irinsa ba. Na ce zan loda buhu talatin da takwas in biya shi kuɗin sittin, asarar tawa ce, shi ba abin da zai ragu a aljihunsa. Ya ce kuɗina ne, in na ga dama in zuba su a tafki. Na ɗauka magana ta ƙare, har na yi wa Innarku albishir. Ranar kasuwa jirgi ya shigo a nutse kamar kullum. Buhunana talatin da takwas suna ciki, sauran wurin an cike shi da albasar wasu da ya tsaya ya ɗauka a hanya.

"Wuri ya rage," in ji shi. "In bar shi iska ta hau?"

Raina ya ɓaci, amma har a lokacin ina yi masa uzuri. Ina cewa mutum ne da bai yarda da abin da bai gani da idonsa ba, a hankali zai gane. Da wannan tunanin na koma gida da yamma, na tarar da Lami matar Yaya a tsakar gida da 'ya'yanta, ta miƙe ƙafafu tana kukan ciwon baya. Kun san akwai wasa tsakanina da ita.

"A'a, matata! Matar mai jirgi guda da ciwon mota? Ko kin yi yaji ne kin dawo wurin mijinki na gaske?"

"Kai dai bari, mijina ƙarami. Hanyar nan ta kusa raba ni da ƙugu. Yayanka ne da sabon salo. Tun ranar da ya dawo daga wurinka ya ce ni da yara kada wanda ya ƙara shiga jirgi ranar albasa. Na ce mi ya faru, ya ce in rufe mai baki in hau mota."

Ta faɗa ne tana dariya, ba ta san abin da ta faɗa ba. Innarku ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ni kuwa sai na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ƙeya. Sikeli ya girgiza ni, katako ya girgiza ni, amma ba su kai wannan ba. Ashe Yaya ya gane. Tun a sito, yana dariya yana buga cinya, ya gane sarai. Ya yarda da lissafin har ya cire nasa, ya bar na mutane. Zan faɗa muku abin da yake haƙƙinsa: kansa bai cire ba, shi ke zaune a bakin inji kowace tafiya, in jirgin ya tafi da shi zai tafi. Amma shi ya san abin da ya hau. Matan kifi ba su sani ba. Na sami Yaya shi kaɗai a masallacin kwata na faɗa masa na ji. Bai musa ba. Ya ce kowa da ƙafarsa yake shiga jirgi, ba ya jan kowa. Na ce to a faɗa musu su shiga da saninsu. Ya dube ni ya ce in ni ɗan halak ne in je in faɗa.

Mako na zagayowa na hau babur da sassafe na tafi ƙauye. Na iske ana lodi. Sama ta fara haɗa gajimare ta gabas, irin na farkon damina. Buhuna sun hau, mata suna hawa kansu suna gyara zama, ana miƙa jarirai hannu da hannu. Na hau kan wani kwalekwale da aka kife na yi sallama da ƙarfi. Na faɗa musu nauyin tsohon buhu da na yanzu. Na faɗa musu mutum arba'in da biyar da ke cikin huluna. Na nuna musu katakon. Yaya yana bakin inji, bai ɗago ba. Wata tsohuwa mai kifi, wadda ta san ni tun ina yawo ba wando, ta ce:

"To Alhaji, mun ji wa'azi. Kai za ka goya mu zuwa Yelwa?"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce albasa ce ta hau mini kai. Wani ya ce rigimar gado ce ta 'yan uwa, a bar su. Na ga lambobi ba za su sauke ko mutum ɗaya ba. Abu ɗaya ya rage a bakina, kuma na san farashinsa kafin in furta. Na san in na faɗe shi na tona wa yayana asiri a garin da aka haife mu, a gaban surukansa da yaran da yake aika. Na dubi wata yarinya Bakambara a kan buhu, da jariri a ƙirji, tana ta dariya tare da mutane ba ta ma ji abin da ake wa dariyar ba. Na ce:

"Ku tambaye shi ina Lami. Ku tambaye shi me ya sa matarsa da 'ya'yansa suka koma hawa mota ranar albasa."

Dariya ta ɗauke. Kowa ya san gaskiya ne, sun ga Lami a tasha, ba su dai haɗa ba. Kawuna suka juya wajen inji. Mijin yarinyar nan ya miƙe ya karɓi jaririn, ya ce da ita su sauka. Wasu mata biyu suka bi su, sai wani tsoho da jikarsa. Duka waɗanda suka sauka ba su kai goma ba. Sauran suka sunkuyar da kai suka zauna, kifinsu ba zai jira wata kasuwar ba, kuɗin mota kuma ba su da shi. Sai a lokacin Yaya ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Ummaru, ka gama?"

"Na gama, Yaya."

"To a sauke mai albasarshi daga jirgina."

"Jirginmu, Yaya."

"Da wa? Ni ba ni da ƙane."

Aka sauke buhunana a kan yashi. Ya ja igiyar inji, jirgi ya juya, ya tafi. Ranar ce kaɗai na san ya tafi da sauƙin kaya. Na tsaya ina kallon gajimaren nan har jirgin ya ɓace, bakina bai daina addu'a ba. Hadarin ya watse ba a yi ko yayyafi ba. Suka isa lafiya.

Dattawa sun zauna a kanmu ba sau ɗaya ba. Suka ce in ba shi haƙuri, na ba shi a kan zafin da ya ji, na ce amma maganar ba zan janye ta ba tunda ba ƙarya na yi ba. Ya ce haƙurin da aka cire wa ƙashi ba ya so. Rabona na jirgi na ce na bar wa 'ya'yansa. Albasata ta koma bin mota ta wannan muguwar hanya, tana isowa a ƙuje, masu saye suna rage mini. Lami ta sha faɗa a kan abin da ba ta san ta yi ba, ta daina zuwa gidanmu, wasan da ke tsakaninmu ya mutu. Rabi ta yi kuka ta ce da ba ta tambaye ni ba da duk haka bai faru ba. Na ce mata buhun ya yi nauyinsa tun kafin ta iya rubuta sunanta, ita ba ta ƙara masa ko albasa ɗaya ba. Kada in ƙara jin wani a cikinku ya ɗora mata wannan.

Ga abin da masu ba ku labari suka fi so, kuma gaskiya ne: jirgin bai taɓa nutsewa ba. Ya ci gaba da ɗaukar buhu sittin masu hula da mutum arba'in har katakonsa ya ruɓe aka ja shi tudu. Shekaru ana tare ni a kwata ana cewa, Alhaji, har yanzu muna jiran nutsewar. Nakan ce Allah kada ya nuna mana. Ni da Yaya muka koma gaisuwar hannu a jana'iza da Idi, ya ba ni yatsu ya janye. Da ciwonsa ya yi tsanani na je na zauna a bakin gadonsa. Ya tambaye ni farashin albasa a Yelwa, na faɗa masa. Ya ce ta yi tsada. Na ce ta yi. Ina jira ya ƙara wani abu, shi ma ina jin yana jira, har aka kira la'asar na tashi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

To ga yadda cinikin ya tashi, ba ragi ba ƙari. Na ba da yayana da duk shekarun da suka rage mana tare. Abin da na karɓa, mutum ƙasa da goma da suka sauka daga jirgin da ko sun zauna da sun isa lafiya, da wasu arba'in-arba'in da daga ranar suke hawa da saninsu. Ba ni da mutum ɗaya da zan nuna muku da yatsa in ce wannan ni na cece shi. Duk ɗan kasuwar da kuka kai wa wannan zai ce muku faɗuwa ce, kuma ba zan yi masa musu ba. Shi ne ciniki mafi tsada da na taɓa yi a rayuwata, shi kaɗai ne kuma ban taɓa neman a warware ba.